Ranar da Nguru Ba Ta Aiko da Fayil Ba

A shekarun da nake karanta sanarwa a wata ƙaramar tashar rediyo a Gashua, na koya wa kaina rubuta manhajar kwamfuta. Wadda na fara rubutawa ta sanarwar rasuwa ce. Kullum kafin sha biyun rana takan buɗe fayil ɗinmu na Gashua, ta buɗe wanda wakilinmu ke turowa daga Nguru, ta haɗa su a takarda ɗaya in karanta. Ta yi wata huɗu lafiya, har na fara ba wasu shawara.

Wata Laraba wani manomin barkono ya zo a babur daga Katuzu. Mahaifinsa ya rasu da safe, za a yi jana'iza bayan Azahar, dangi kuma suna warwatse har Kumagannam. Ya faɗi bayanin, na shigar a fayil ɗinmu. Saura minti goma sha biyu ta yi, na kunna manhajar. Ta nemi fayil ɗin Nguru, ba ta samu ba, ta mutu nan take. Ashe kuma na sa ta buɗe namu da niyyar sake rubuta shi tun kafin ta duba wancan, buɗewa irin wannan kuwa share abin da ke ciki take fara yi. Na duba. Fayau.

Na buga wa wakilin waya. Dattijo ne, ya girme ni a aikin nesa ba kusa ba. Ya ce ba wanda ya kawo masa rasuwa yau. Na ce to ai da ya turo fayil ɗin haka nan ba komai a ciki.

"Malam, ba na haƙa kabari in ajiye," in ji shi.

Mutumin Katuzu bai tafi ba. Yana bakin ƙofa a kan babur, da rediyon wayarsa a kunne, yana jira ya ji. Na fita na sake yi masa ta'aziyya, sannan na tambaye shi sunan mahaifinsa. Ya daɗe yana dubana. Ya maimaita a hankali, da unguwa da masallaci, na rubuta da biro a bayan wata ambulan. Daga ita na karanta, an makara da minti shida. Sai da ya ji sau biyu ya tayar da babur.

Gyaran bai wuce layi biyar ba. Manhajar ta fara tambaya ko fayil yana nan. Ta rubuta a sabon fayil, ta rufe shi, sannan ta taɓa tsohon. Ranar da Nguru ta yi shiru, na sa manhajar ta rubuta cewa yau ba a yi rashi a can ba.

Dattijon ya ji na karanta haka, ya bugo. Ya ce wa ya gaya mini? Shi dai ba a kawo masa ba ne.

Na canza. Yanzu cewa take: Nguru ba ta aiko ba.