Hoton da na tura wa surukaina

Jama'a, yau Turanci ya kore mini mata.

Wata ɗalibar jami'a mai sayen albasa wurina a Aliero ta ɗauke ni hoto ta sa a waya, ta rubuta wai kurosh, ta turo mini. Na ɗauka tallar albasata ta yi, na tura gurup ɗin dangin matata su gani.

Sai ga kiran ƙanin matata Sanusi. "Yaya, ka san mi kurosh ke nufi? Wanda mace ke so a ranta, ba ta gaya mishi ba."

Na ce, "Ni? Da furfurar ga?"

Kafin in iso gida Jega, matata Hajara ta tafi gidansu Maiyama. Na kira ta, ta ce in kira ɗalibar ta zo ta tuƙa mini tuwo.