Shafuka Huɗu da Na Tsallake

Matso kusa ka gyara zama, in ba ka labarin wani littafi da ke ƙasan akwatina. Irin na 'yan firamare ne, mai shuɗin bango, duk ya sha manja a gefe ɗaya.

Ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Da ƙanena da ke Kurfi ya samu ɗiyar fari, aka kawo mini ita yaye nan Dutsin-Ma, da ƙullin kayanta da ɗan kwanon kununta. Da lokacin maida ta ya yi sai ya aiko cewa in riƙe, ta zama tawa. A satin na sa Malam, maigidana, ya sayo mini littafin.

Bokona na ajin matan aure ne, bai taka kara ya karya ba. Inda ya ƙare mini sai in ƙarasa da ajami, har Malam ke tsokanata wai littafina ta hagu ake shigarsa a fita ta dama. Kwanan wata ma ban cika sawa ba. Sai dai in rubuta: gero ya fara fitar da kai, ta kira ni Inna ina tankaɗe. Bayan ƙaramar salla ta ci tuwo da hannunta, rabi a baki rabi a kunne. Ranar kitson farko, ranar da ta fara famfara, ranar da ta haddace Fatiha, duk suna ciki.

Amma shafuka huɗu na farko ban taɓa su ba. Rayuwar da ta yi kafin ta zo hannuna ban gani ba, ban kuwa so in rubuta ƙarya.

Tana da shekara goma ta ɗauki littafin ta karance shi tas. Sai ta dawo farko tana juya fararen shafukan. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Inna, ta Kurfi ba ta so na, ko? Shi ya sa babu abin rubutawa."

Ashe ta daɗe tana lura. In mun je Kurfi mahaifiyarta kan kira ƙannenta da sunayensu, ita kuwa sai dai "ke" ko "waccan", ko ido ba ta haɗawa da ita. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, cewa a wurinmu uwa ba ta kama sunan na farinta, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ba ta yarda ba. Ƙawayenta 'ya'yan ma'aikatan jami'a ne, iyayensu mata har ƙofar makaranta suke rungume su. Daga ranar ta ce ba za ta ƙara zuwa Kurfi ba.

Ni da ko bakin titi ba na son leƙawa, na yafa mayafi na hau mota, littafi a jaka.

A nan na yi wautar. Ina isa, ko ruwa ban gama sha ba, na buɗe littafi a tsakar gida. Tsohuwarmu, wato surukar uwar yarinyar, na zaune a tabarma, ga matan maƙwabta ana ɓarar gyaɗa. Na dubi matar ƙanena na ce, "Matarmu, zo ki faɗa mini, yaushe ɗiyarki ta fara haƙori?"

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɓara. "Yaya, wa ke riƙe irin wannan? Na manta."

Matan suka kwashe da dariya. Tsohuwarmu ta tambaye ni ko zaman birni ne ya cinye mini hankali. Na rufe littafina raina a ɓace. Kai, har na fara tunanin ko yarinyar ce ke da gaskiya.

Bayan la'asar matar ƙanen nawa ta ɗauko mini ƙullin kuka da daddawa ta ce za ta taka mini. Muka wuce ƙofar gida, muka wuce inda mata kan juya, ba ta juya ba. Da muka yi nisa da gidaje sai ta fara magana, idonta a kan hanya kamar da ƙasa take yi.

"Ɗiyar nan taki, Yaya, haƙoran ƙasa biyu suka fito mata tare, ranar ruwan shuka."

Na rage sauri na kasa kunne. Ta ce da baya-baya ta fara rarrafe, har ta shige ƙarƙashin gado aka yi ta nemanta. Da turmi ta koyi tsayuwa. Takunta na farko uku ne, wata jar akuya ta bi, ta faɗi zaune tana dariya. Ba ta barci sai ta riƙe kunnen mai goyonta. Duk abin da ta faɗa, "ɗiyarki" take cewa. Muna hango tasha ta ce bayan an kawo mini ita, sati guda tana dama kunu tana neman ɗan kwanon kafin ta tuna. Sannan ta miƙo mini ƙullin.

"Don Allah kada ki rubuta ni na faɗa."

Ban fito da biro ba, amma kunnena bai taɓa ba ni kunya ba. Har Dutsin-Ma ina ta maimaitawa a ƙasan harshe, matar da ke kusa da ni ta ɗauka lazimi nake. Da na kwance ƙullin kukar a gida, sai ga wata 'yar jigidar jarirai a naɗe cikin tsumma, zarenta ya yi baƙi don tsufa.

Kwana biyu na yi ina cika shafukan, suka ma yi mini kaɗan. Na cika alkawari, ban rubuta wanda ya faɗa ba. Jigidar kuma na sa ta a tsakiya.

Da yarinyar ta dawo daga Islamiyya na miƙa mata littafin. Ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake. Ta tsaya a kan maganar kwanon kunu.

"Inna, ai ke ba kya nan lokacin."

Na ce ba na nan.

Ta daɗe tana kallona. Ta naɗa jigidar sau biyu a wuyan hannunta, ta tambaye ni ko har yanzu akwai jikokin jar akuyar nan a gidan, tana so ta gani in an je salla.

Mun je. Uwar ba ta kama sunanta ba, ba kuwa za ta kama ba. Amma na ga idonta ya sauka a kan hannun yarinyar, ta yi saurin shigewa madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Ni dai ban rubuta ba, ban kuma faɗa da bakina ba. Amma na san yarinyar za ta gane, da saninta na sa jigidar. To kai da ka ji komai, ka ce na ci amanar matar ƙanena?