Jirgin da Yusha'u Ya Kwance

A Unguwar Kanawa, Yusha'u Mai Jirgi ake ce masa, ko da yake keke ma da ƙyar ya mallaka. A shekarun saba'in makanike ne a wani ƙaramin kamfani mai jiragen sama uku a Kaduna, kowane makanike da jirginsa. Na Yusha'u ya fi tsufa, amma yadda yake goge shi sai ka rantse amarya za a kai.

Da injin jirgin nasa ya lalace aka tura shi gefen rumfa, Rabe, mai sayo wa kamfanin kayan gyara, ya ce kada ya damu, an yi oda daga Ingila. Rabe kuwa ba baƙo ba ne. Shi ne babban abokin ango ranar da Yusha'u ya auri Safara'u.

A sana'ar akwai abin da suke ce wa aro: in jirgi na kwance yana jiran oda, akan ciro wani abu a jikinsa a sa wa mai tashi, in sabo ya iso a mayar masa. Rabe ya fara da aron famfon mai. Sai taya, sai rediyo, sai farfela. Yusha'u ba ya yarda kowa ya sa hannu. Da kansa yake kwancewa, ya wanke, ya shafe da giris, ya naɗe a tsumma. Kullum Rabe na cewa kaya sun maƙale a tashar ruwan Legas. Ana cikin haka wani kamfani a Kano ya yi wa Yusha'u tayin aiki. Rabe ya ce haba, in kaya sun iso wa zai tada jirgin? Yusha'u, bawan Allah, ya zauna.

Ranar da manaja ya sallame shi, don ba abin da ya rage a jirgin sai ƙwarangwal, a bakinsa ya ji cewa ba a taɓa yin wata oda ba. Tun mutuwar injin aka yanke shawarar a cinye jirgin a gyaran sauran biyun. Manaja ya ɗauka Rabe ya daɗe da faɗa masa.

Yusha'u ya iske Rabe a sito. "Me ya sa ka ɓoye mini?"

Rabe bai ɗago kai ba. "Da na faɗa maka, da ka tafi Kano. Kuma ba mai iya kwance shi lafiya irinka."

Wannan magana ta fi sallamar ci wa Yusha'u rai. Ya koma gyaran injin niƙa a Doka, a nan ya tsufa. In Rabe ya yi masa sallama yakan amsa, don addini bai yarda ya yi shiru ba. Daga nan bai taɓa ƙara masa ko kalma ɗaya ba.