Maiƙon Hular Ƙanena

Ƙanena direban A Daidaita Sahu ne a Gaya. Suturarsa duka ba ta cika akwati ɗaya ba, amma wata shekara gab da Babbar Sallah ya shiga Kano ya sayo hula 'yar Bama, ɗinkin hannu, ruwan toka da ratsin shuɗi. Da na zo gida daga Ajingi, inda nake aure, matarsa ta raɗa mini kuɗin. Sai da na nemi wuri na zauna. A lokacin tayoyin kekensa sun gama cinyewa, ɗakinsu kuma yana yoyo.

Na ce masa, "Kai yanzu kan naka ya fi ƙarfin hular kasuwa ke nan?"

Ya ce, "Yaya, taɓa ki ji. Allura ce fa ta yi wannan, ba inji ba."

"Allurar ce za ta toshe maka rufin ɗaki?"

Ya yi dariya, ya karkatar da hular gefe guda. "In ruwa ya sauko sai in cusa ta a riga. Kan ya jiƙe, ai ya saba."

Da farko sai Juma'a yake sa ta, daga baya ta zama ta kullum. Bai taɓa kai ta wanki ba. Cewa yake masu wankin hula duka suke yi mata da katako, suna kashe zare. A hankali bakinta daga ciki ya yi duhu da gumi da man gashi.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi da damina, bai tashi ba. Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya biyu, mace da namiji. Ana zaman makoki na shiga ɗakinsa ɗauko tabarma, na ga hular a rataye jikin ƙusa. Na sauko da ita na kai hancina. Shi ne a ciki. Warin kansa ne, irin wanda na sani tun ina goya shi. Na mayar da ita na fito da tabarmar.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, malamin makarantar allo, shi ya tsaya a kai. Mutum ne da ko cokali ba ya bari ya wuce ba a ƙiyasta shi ba, in dai akwai haƙƙin marayu. Ni ba ni da gado tunda akwai ɗa namiji, kuma ban nema ba. Aka kira dillali ya yi wa kaya kuɗi. Ya juya hular, ya leƙa cikinta, ya taɓe baki.

Ya ce, "Malam, hula ta gaske ce, amma maiƙo ya ci bakinta. A haka ko rabin kuɗinta ba za ta yi ba. In an wanke an buga, za ta ɗan taso."

Raina ya ɓaci da shi, ya ɓaci da mai hular ma. Abin da aka hana rufin ɗaki saboda shi, ga shi ko rabi bai riƙe ba.

Da mutane suka ragu na durƙusa gaban Baffa. Na ce ina son hular, zan saya a kuɗin wankakkiya don kada yaran su cutu, amma a bar mini ita yadda take. Ban faɗi dalili ba. Ba magana ce da mace za ta iya yi wa baffanta ba.

Ya ce, "To, 'yata. Allah Ya yi miki albarka."

Na koma Ajingi. Ran kasuwa na sayar da gyaɗar da na ajiye don iri. Maigidana ya dube ni, ya ce, "Ke da kika fi kowa faɗa a kan hular nan?" Na ce har yanzu ina nan a kan bakana, hula ba ta kai wannan kuɗin ba. Bai ƙara tambaya ba.

Da na dawo Gaya, Baffa ya karɓi kuɗin a gaban shaidu, sannan ya shiga ɗaki ya fito da baƙar leda. Hular ce a ciki, a tsaye ƙyam, tana ƙyalli, shuɗin ya fito kamar sabo.

Ya ce, "Na kwana ina tunani. Kin biya kuɗin wankakkiya, bai halatta in ba ki mai dauɗa ba. Na kai an wanke. Ladan wankin daga aljihuna ne, ban taɓa na yaran ba."

Fuskarsa a sake take, irin ta wanda ya sauke nauyi. Tsoho ne, kuma ɗan da ya rasu nasa ne shi ma. Na ce, "Na gode, Baffa. Allah Ya saka da alheri."

A motar komawa na jira har muka fita daga gari, sannan na buɗe ledar. Na juya bakin hular, na bi shi da hanci a zagaye, har wajen ɗinkin baya inda nake zaton ruwa bai isa ba. Sabulu ne da sitaci. Matar da ke kusa da ni ta leƙo, ta ce kai, wannan hula ta yi kyau, ta ango ce? Na ce mata ta ƙanena ce, na ɗaure ledar.