Kamu Biyu daga Wutsiyar Fim ɗin Malam Bukar

Ranar da Hajiya Falmata ta kawo gwangwanin mahaifinta ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma tunda kun matsa mini in ba ku labarin zamanin fim, da ita zan fara.

Ga waɗanda ba su san ni da daɗewa ba, na fara aiki a sashen majigi na gwamnati a matsayin mataimakin ɗakin duhu, wato mai haɗa magani da wanke tankuna. Na yi ritaya ina babban jami'in wanke fim, ko da yake a shekarun ƙarshe babu fim ɗin wankewa, kaset kawai nake jerawa a kanta. Da zaman gida ya ishe ni, sai na riƙa zuwa shagon abokina Mista Yohanna a Sabon Gari. Mutumin Zariya ne, sana'arsa juye tsofaffin kaset da hotuna zuwa kwamfuta. In aka kawo abin da ya girmi injinansa, ni yake turo wa.

Wata Laraba da hantsi, cikin bazara, wata dattijuwa ta shigo rungume da ƙunshin atamfa. 'Yar Fagge ce, asalin gidansu Barno, tana da shago a Kantin Kwari. Ta kwance ƙunshin, sai ga ƙaramin gwangwanin fim, irin mai ɗaukar ƙafa ɗari, an naɗe bakinsa da baƙin tef. A wurinmu baƙin tef na nufin an ɗauka, ba a wanke ba.

Na ce, "Hajiya, an taɓa buɗe shi?"

Ta ce, "Sama da shekara sittin ba wanda ya buɗe. Baba ya ce duk wanda ya ɓare wannan tef bai yafe ba."

Mahaifinta, marigayi Malam Bukar, mai ɗaukar majigi ne na gwamnati, tun kafin in shiga aiki. Mahaifiyarta kuwa ta rasu ita Hajiya tana da shekara biyu, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Sai da ciwon ajali ya kwantar da Malam Bukar ya nuna mata gwangwanin a ƙasan akwatinsa, ya ce, "Uwarki tana ciki." Shekaru tana ajiye da shi, tana tsoron a ɓata mata.

"Ni dai fuskarta nake so in gani, Malam Garba," in ji ta. "Ko sau ɗaya."

Ku da kuke ɗauka ku gani nan take, bari in yi muku bayani. Fim baƙi da fari in an ɗauka, hoton yana ɓoye a jikinsa, ido ba ya ganin komai. Sai an tsoma shi cikin maganin fito da hoto a cikin duhu, a ɗauraye, a sake tsoma shi cikin maganin tsayar da hoto, sannan a shanya. In haske ya taɓa shi kafin nan, ya tafi. Mu da muka saba wankewa cikin kwana biyu ko uku, ban taɓa jin wanda ya wanke na shekara sittin ba. Gaskiya ba tausayin Hajiya ne ya fara kama ni ba, son sani ne. Na jijjiga gwangwanin a kunnena, na shinshina bakinsa ko zan ji tsamin da ruɓaɓɓen fim ke yi, ban ji ba. A ɗakin soro ya zauna, cikin akwati, ƙarƙashin tufafi, kuma wannan sanyin ne ya cece shi.

A jikin murfin akwai takarda da rubutun alƙalami: "Lodin gyaɗa, tasha." Na nuna wa Mista Yohanna. Ya ce, "Oga, kila tsohon nan ruɗewar ciwo ce. Ko kuma matar tana cikin masu tallar abinci a tashar." Ni ma haka na zata. Na gaya wa Hajiya ban yi alkawari ba, ta dawo ranar Asabar.

Washegari muka toshe banɗakin shagon da barguna biyu har na daina ganin tafin hannuna. Maganin yana son sanyin digiri ashirin, ruwan famfon Kano kuwa a bazara sai ka ce na wanka aka ɗumama, sai muka sayo ƙanƙara muka jera kwalaben magani a cikin baho. Na yi bismillah, na ɓare tef ɗin da Malam Bukar ya ce bai yafe ba, da izinin 'yarsa. Fim ɗin bai manne ba. Yana warwaruwa a yatsuna lafiya lau, har na ji daɗi kamar na gamu da tsohon abokin aiki.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, in ba ka san halin fim ba, ba ka zuba shi duka a magani. Sai ka yanki ɗan guntu daga bakin da ke waje ka gwada, ka gane minti nawa yake so. Haka aka koya mini, haka na koya wa na ƙasa da ni shekara da shekaru. Na auna kamu biyu, na sa almakashi, na raba gida uku.

Guntun farko na ba shi lokacin da muka saba. Ya fito baƙi ƙirin, tsufa ya cinye shi. Na biyu na rage lokacin sosai, sai ya fito fari fat, ba komai sai 'yar inuwa. Na ukun na ƙara sanyi, na zuba ɗan garin da ke hana hazo, na tsaya tsaka-tsaki. Da na tsayar da shi na ɗauraye, na fito na ɗaga shi a hasken ƙofa, na ɗora gilashin ƙara girma.

Babu buhun gyaɗa ko ɗaya. Tsakar gida na gani, da randa, da mace a tsaye.

Na zauna a kan benci. Fim ɗin da aka ɗauka ba a mayar da shi baya ba, bakinsa na waje ba farkonsa ba ne, wutsiyarsa ce, abin da aka ɗauka a ƙarshe. Kuma akwai wata al'ada ta masu kyamara wadda ba ta cikin kowane littafin aiki. In sun gama aikin gwamnati ya rage 'yan ƙafafu a cikin kyamara, sai su biya gida su ƙarar da su a kan iyali, su kuma raɗa mana mu yanke musu a ɓoye. Ni da hannuna na yanke wa mutane irin wannan ban san adadi ba. Na sani sarai, amma rubutun murfi da ɗokin gwaji suka mantar da ni.

Sai a lokacin na fahimci Malam Bukar. Matarsa ce a tsakar gida, ba mayafi, bai so 'yan ɗakin duhu su kalle ta ba. Ya riƙe gwangwanin, sannan ta rasu, ya kasa kai shi a wanke.

Na wanke sauran da awon guntu na uku, ya fito da kyau har abin ya ba ni haushi. Kusan minti uku na leburori da taragu da wani Bature mai gajeren wando, sai a can ƙarshe kyamara ta shiga zaure, ta haska bango, nan almakashina ya datse. Duk abin da ya rage na matar yana cikin guntun nan guda, hotuna arba'in, ba su cika daƙiƙa biyu ba.

Mista Yohanna ya ce, "Oga, ba dole ka faɗa mata ba. Ka ce haka muka same shi." Na san don ni ya faɗa. Na ce masa in na yi haka ba zan ƙara iya riƙe almakashi ba.

Ranar Asabar Hajiya ta zo. Kafin a kunna komai na ajiye guntaye ukun a gabanta, na gaya mata abin da na yi, ban rage ba. Mista Yohanna ya riga ya juye hotunan, ya mayar da baƙi fari, ya sa suna maimaita kansu a hankali. Ya kunna.

Wata doguwar yarinya ce, ba ta wuce ashirin ba, da kitso da zane ɗaurin ƙirji. Tana juyowa, ta ga kyamara, ta yi dariya, sannan ta sunkuya ta miƙa hannu biyu ƙasa, wajen wani abu da bai shigo hoton ba. Nan yake tsayawa, ya koma farko.

Hajiya ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfutar. Ta kalla ya fi sau talatin. Can ta ce, "Ashe tana da wushirya." Ta sa yatsa ta taɓa tata.

Sannan ta juyo gare ni. "Malam, me take miƙa wa hannu?"

Na ce, "Yana cikin waɗanda na ɓata, Hajiya."

Ta daɗe tana duban guntayen nan biyu, baƙin da farin. Ta ce, "Ni ce. Ni za ta ɗauka." Ta ɗebe su a hankali ta naɗe a cikin atamfar, tare da mai kyan. Na ce mata waɗannan babu komai a jikinsu, ba injin da zai fito da shi.

Ta ce, "Na ji. Amma a nan ne kaɗai take riƙe da ni."

Ta yi mana godiya, har da addu'a, kuma na fi son da zagina ta yi.

Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi bayan ritaya, lokacin da nake ganin na gama sanin aiki. Ƙa'ida ta gaya mini inda zan yanka, amma ba ta san wanda ya riƙe kyamarar ba, ni kuwa na san irinsu. Tun daga ranar, in aka kawo mini tsohon fim, sai na zauna da mai shi na tambayi wane ne ya ɗauka, yana da iyali ko babu, kafin in nemi almakashi. In na shiga duhu kuma, sai na mayar da fim ɗin baya gaba ɗaya, in yi gwajina a kan rabon gwamnati.