Shinkafa a Miyar Kuɓewa

Shekarar da bokitan roba suka cika kasuwar Dutsin-Ma, mijina, wanda malamin kimiyya ne a sakandare, ya kafe kan cewa in aka zuba garin yumɓu a narkakkiyar roba za ta ƙara ƙarfi, muddin ƙwayoyin yumɓun sun jeru sun fuskanci waje guda lokacin da robar ke gudu. To, ido ba ya ganinsu. Sai ya nemo masu wakili: miyar kuɓewata ta zama roba, ɗanyar shinkafa ta zama yumɓu. Ya jingina tsohon indararo a tsakar gida.

Kullum in kaɗa miya, ya watsa mata shinkafa, ya tuttula a indararo, ya durƙusa yana leƙe. Wai ta yi ruwa, wai ta yi kauri. Mu kuwa mu ci tuwo da miyar kuka. Haushi kamar ya kashe ni.

Magana ta kai garinsu Kurfi cewa Malam ya taɓu. Yayansa ya zo a kan babur, fuska ba annuri.

"Nuna mani abin nan. In ban gani ba, ka aje alli ka bi ni gida a nema maka magani."

Malam ya watsa wa miyar shinkafa, ya zuba ta a indararo. Daidai nan akuyarmu ta cafki gefen rigar Yaya, ya juya yana korarta. Ni ko ina kallo. Wallahi shinkafar nan ta juya ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe sambal tana bin miya. Kafin Yaya ya waigo, kaji sun afka sun tsince ta tas.

Malam ya durƙushe a bakin indararon. Yaya ya dube ni.

"Ke, tsakaninki da Allah, mi kika gani?"

In na ce ban ga komai ba, na huta da ɓarnar kuɓewa. Amma na dubi Malam a durƙushe, gwiwa duk yauƙi, tausayinsa ya kama ni.

"Na gani, Yaya. Sun jeru kamar sahun salla."

Yaya ya yi salati. "Ashe abin har yaɗuwa shike!"

Ya ce babur ɗinsa ba ya ɗaukar marasa lafiya biyu, ya tafi shi kaɗai. Da ya isa ya aiko da rubutu kwalba biyu. Muka zauna a tabarma ɗaya muka shanye, Malam na ta kallona kamar yau ya fara ganina.