Jarumin da Ba Ya Makara

Jiya 'yata Hadiza ta miƙo mini wayarta, fim ɗin jarumin nan mai tashi sama. Muna sabon aure nakan fassara wa uwarta labarinsa daga littafin zane.

"Baba, soyayyar littafi ta fi ko ta fim?"

Na ce, "A littafi ɓoye wa budurwarsa kansa yake, a talabijin har aure suka yi. Amma ko'ina, in aka sace ta, yana isowa kan lokaci."

Sai ta kife wayar. Wata biyu ke nan uwarta tana daji. Ranar da aka tare motarsu a hanyar Ruma, ina Batsari ina karanta jarida.

Masu kallo, akwai fim ɗin da jarumin ya makara? Shi nake so in gani.